Lens mai dogon zum da IS: a bar shi kunne ko a kashe in dawaki sun taso?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum iyayen gida da yayyena. Don Allah ina neman haske. Na karɓi lens na hannu, Canon 70-200mm f/2.8L IS II, zan ɗora shi a kan kyamarata 80D. Niyyata in Allah Ya kai mu Sallah kuma aka yi hawa, in ɗauki Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ta fadar Kano. A gefensa akwai maɓallai huɗu a jere. Na sama an rubuta 1.2m da 2.5m, na biyu AF da MF, na uku ON da OFF na IS, na ƙasa kuma 1 da 2. AF da MF kaɗai na gane, wato fokas da kansa da fokas da hannu. Wanda ya sayar mini ya ce muddin IS na kunne hoto ba zai taɓa yin dishi-dishi ba, ko da gudu ake. Haka ne?

Baba Mai Fim: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri ɗana, ka sayi kaya. Sai dai mai sayarwa ya ƙara gishiri. IS, wato tsarin da ke cikin lens mai hana hoto rawa, rawar hannunka kawai yake magani, ba ruwansa da abin da ke motsi a gabanka.

Tun zamanin fim ƙa'idar da muka tashi da ita ita ce kada saurin shota ya gaza tsawon lens. Kana kan 200mm, to 1/200 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Kai kuma 80D ƙaramar sensa gare ta, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, sai ka ninka da 1.6, 200 ya koma 320. Ke nan in babu IS, duk abin da ya yi ƙasa da 1/320 hannunka zai nuna a hoto. Wannan lens ɗin naka ya fito a 2010, kuma kamfanin ya ce yana ba da rangwamen mataki 4. Kowane mataki rabi ne: 1/160, 1/80, 1/40, 1/20. Wato kana iya ɗaukar soron fada ko dogarin da ya ƙame a tsaye a 1/20 ya fita tar. A takarda fa. Ni da hannun tsufa ba na sauka ƙasa da 1/60.

Doki kuwa wani zance ne. In yana sukuwa yana kai kilomita 40 a awa, wajen mita 11 a daƙiƙa ɗaya. A 1/60, kafin shota ta rufe ya matsa kusan santimita 18. Bangon da ke bayansa zai fita ras, shi kuma da mahayinsa su zama shafe. A 1/1000 abin da zai matsa bai wuce santimita 1 da 'yar ɗoriya ba. To ka ga inda maganar take.

Sabon Hannu: Allah Ya ƙara girma Baba. Ke nan in sa 1/1000 in bar IS a kunne?

Oga Ƙwallo: Ka sa 1/1000, in rana ta ba ka dama ma 1/2000, sannan ka KASHE IS ɗin. Baba ya gafarce ni, na san ba ra'ayinku ba ne. Ni a bakin fili nake cin abinci. In shota ta kai wannan saurin, rawar hannu ta riga ta mutu, me IS zai yi maka kuma? Abin da zai ƙara maka matsala ce. Da ka taɓa maɓallin shota rabi, sai ya ɗauki kusan rabin daƙiƙa zuwa ɗaya kafin ya nutsu. A jahi kana da wannan lokacin? Ka fizgo lens daga wannan mahayi zuwa wancan, shi kuma ya ɗauka hannunka ne ke rawa, sai ya yi ta ja da kai. Za ka ga hoton cikin ramin leƙe ya ɗan tsaya a baya, sannan ya yi tsalle ya cim maka. In ka danna a daidai wannan tsallen, gilashi na tafiya a ciki. Ga cin batir.

Baba Mai Fim: Ba laifi Malam, ai zaure ne. Amma ka bar rabin zancen a aljihu. Tambaya nake: ina kake ɗora ɗigon fokas ɗinka? A fuskar mahayi, tsakanin rawani da amawali, wurin da bai fi tafin hannu ba, daga nisan mita 20 ko 30. Lens ɗin nan kilo 1.49 ne, 80D gram 730, ka haura kilo 2 ke nan a hannu. Yaron nan zai tsaya tun kafin la'asar. Lokacin da Sarki zai dawo daga Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, a fara jahi, damtsensa ya riga ya gaji. In hoto na rawa a ramin leƙe, ɗigon zai riƙa zamewa daga fuska ya faɗa kan mashi ko kan jama'ar baya. Shota mai sauri ba ta gyara fokas ɗin da ya sauka a wani wuri. IS yana kwantar maka da abin da kake gani, shi ma fokas ya samu abin kamawa.

Oga Ƙwallo: Wannan na yarda, ga mai sabon hannu. Amma da sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya an kashe maganar gajiya.

Baba Mai Fim: Ka taɓa kafa sanda a Ƙofar Kudu dogarai na kora mutane baya? Ka samu inda za ka ajiye ƙafarka biyu tukuna.

Hajiyar Biki: Ku yi haƙuri in sa baki. Akwai abin da ba ku faɗa ba, shi ne mantuwa. Hawan Daushe da yamma ake yi, rana na faɗuwa, ga ƙura, ga hayaƙin 'yan bindiga. Wanda ya kashe IS da ƙarfe huɗu saboda yana kan 1/2000, da ƙarfe shida zai juya ya ga mai algaita ya cika kumatu, ko wani ɗan yaro a kan doki cikin alkyabba yana gyangyaɗi, ya sauke shota zuwa 1/100 don haske ya ishe shi. Wa zai tuna masa da maɓallin da ke gefen lens? Sai ya koma gida ya buɗe kwamfuta. Ƙanena, ka bar shi kunne. Ranar da hannunka ya san maɓallan nan ba tare da ka duba ba, sai ka bi Oga.

Sabon Hannu: Na gode Anti. To 1 da 2 ɗin fa?

Oga Ƙwallo: 1 yana gyara rawa ta kowane ɓangare, sama da ƙasa, hagu da dama. Na abin da ke tsaye ne. 2 na rakiya ne, wato doki na wucewa ta gabanka kana bin sa da lens. Da ya gane kana juyawa gefe, sai ya daina gyaran hagu da dama ya bar na sama da ƙasa kawai. In dai dole sai ka bar shi kunne a wurin hawa, to a 2 za ka bar shi, ba a 1 ba. Jan da na ce yana yi da kai zai ragu sosai.

Kuma a nan ne IS yake da daɗi, ni kaina a nan nake kunnawa. Sauke shota zuwa 1/125, ka kafa ƙafafu suna kallon inda dokin zai wuce, ka juya da ƙugu ba da hannu ba. Ka kama shi tun daga nesa, ka bi shi, ka danna a jere, kada ka tsaya bayan ka danna, ka raka shi har ya wuce. Mahayi zai fita, jama'ar baya su zama zare-zare, ƙafafun doki su yi hazo-hazo. Mota ana bin ta a 1/60 ko ƙasa saboda a shimfiɗe take tafiya. Doki yana hawa yana sauka, shi ya sa da wuya in yi ƙasa da 1/125. Kuma ka sa a ranka mafi yawansu shara ne, ɗaya kake nema.

Baba Mai Fim: Madalla. Ashe muna haɗuwa a wani wurin.

Oga Ƙwallo: A rakiya kawai Baba. In sun taso gaba da gaba suna nufo ni, ina nan a kan bakana. Kamfanin da kansa ya san da wannan matsalar, shi ya sa ya ƙara na 3 a wasu lens ɗin, kamar 100-400mm na biyu da ya fito a 2014. A 3, abin da kake gani a ramin leƙe ba ya gyaruwa, sai a daidai lokacin da shota ta buɗe yake aiki. Da ba a ganin jan nan a matsayin damuwa, da ba a ƙirƙiro shi ba.

Baba Mai Fim: Kuma da kashewa ce mafita, da sun ce a kashe, ba su wahalar da kansu da na 3 ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina gaida manya. Mu masu Nikon a ba mu wuri. Namu VR ake rubutawa, na Sigma OS, na Tamron VC, na Sony OSS, aiki ɗaya ne. Amma a kula, maɓallin ba ɗaya ba ne. A 70-300mm ɗina Normal da Active ne, kuma ba su ne 1 da 2 na Canon ba. Normal da kansa yake gane rakiya. Active na wanda ke cikin mota ko kwalekwale ne, inda wurin da kake zaune ma girgiza yake. In ka sa Active ka bi doki, zai yi ta ƙoƙarin tsayar da juyawar da kai da gangan kake yi. Waɗanda suka biyo baya kamar 200-500mm kuma Normal da Sport gare su, Sport ɗin ne na abin gudu.

Ni kokawa na fi ɗauka, har gasar takobi ta ƙasar Nijar da ake yi da sanyi. 'Yan kokawa suna iya daɗewa a sunkuye suna auna juna, babu mai motsi sosai, sai kaye ya zo a ƙiftawar ido. Ina barin VR kunne, yatsana a kan maɓalli rabi tun suna riƙe-riƙe, shota a 1/1000. In kaye ya zo ya tarar gilashi ya riga ya nutsu. Ina ganin wannan ya amsa maganar jinkirin da Oga ya kawo.

Oga Ƙwallo: A kokawa ka san inda abin zai faru, da'ira ɗaya ce. Ƙwallo da jahi ba haka suke ba. Amma dabarar riƙe maɓalli rabi gaskiya ce.

Mai Gyara: Tunda an zo kan gilashi, bari in faɗi abin da ke ciki, don ni nake buɗe su. Akwai 'yan na'urori biyu masu jin juyawa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gefe. Suna kai rahoto ga ƙaramar ƙwaƙwalwar lens, ita kuma ta tura wuta cikin naɗin waya da ke kusa da maganaɗisu, sai wani rukunin gilashi ya matsa ya rama karkatar da hannunka ya yi. Kamar mai tallan nono ce, jiki na rangaji, ƙwarya na zaune daram a ka. In an kashe, akwai abin da ke kulle gilashin a tsakiya.

Abin da nake roƙonku: bayan kun ɗage yatsa daga maɓalli, IS yana ci gaba da aiki kusan daƙiƙa 2. Kada a cire lens a wannan lokacin, kada a zare batir. A kashe kyamara, a saurara ƙarar ta tsaya, sannan a murɗe. In aka cire shi gilashin bai kulle ba, haka zai yi ta kaɗawa a jaka, a kan babur, a hanya mai gargada. Kuma jaka a baya ake goya ta, ba a ɗaure ta a jikin babur.

Sabon Hannu, tunda na hannu ne, gwada shi yau. Kai shi 200mm, ka auna rubutun wani allo daga nesa, ka taɓa maɓalli rabi. Ya kamata ka ji ɗan ƙas, sai 'yar ƙara siririya, hoton ya lafa kamar yana shawagi. Wannan lafiya ce. In ka ji gurzawa, ko hoton na zabura da kansa kana tsaye cik, ko yana zamewa gefe ɗaya ba ya dawowa, mayar wa mai shi tun kuna shiri. In kuma kyamara ta nuna Err 01, fara goge 'yan ƙarafan zinaren da ke gindin lens da busasshen ƙyalle mai tsabta kafin ka tsorata, sau da yawa datti ne ya hana su gaisawa.

Sabon Hannu: Na gwada yanzu Malam. Ƙas ɗin na ji, hoton ya lafa. Alhamdu lillahi. Saura na saman, 1.2m da 2.5m.

Mai Gyara: Iyakar fokas ce. A 1.2m lens zai nemi abu tun daga kusa har ƙarshen gani. A 2.5m ka ce masa kada ya ɓata lokaci a kan abin da ya fi haka kusa. A wurin hawa sa shi a 2.5m. In wani ya gitta ta gabanka da waya a sama, ko fokas ya kuɓuce cikin ƙura, zai fi saurin dawowa. In za ka ɗauki adon linzami ko zanen sirdi a kusa, ka mayar da shi 1.2m, in ba haka ba zai ƙi kamawa ka ɗauka ya lalace.

Ɗan Auta: Yayye ni ma ina da 75-300mm III, na juya shi ta ko'ina ban ga maɓallin IS ba. Ko ta cikin kyamara ake kunnawa?

Oga Ƙwallo: Auta daina juyawa kada ka ji jiri. Babu shi a ciki.

Baba Mai Fim: Kada ku yi masa dariya, akwai dalilin ruɗewa. Lens na farko da Canon ta fitar da IS a 1995 shi ma 75-300mm ne, amma a jikinsa an rubuta IS ɓaro-ɓaro. Naka wani ne daban. Ba ka rasa komai ba da rana: a 300mm kada ka sauka ƙasa da 1/500, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin lens ba a gefe ba, ka jingina da bango in akwai. In ka samu hali nan gaba, 55-250mm STM yana da IS, gram 375 ne kacal, kuma ba shi da 1 da 2, da kansa yake gane rakiya.

Hajiyar Biki: Mu a zauren biki IS ne abincinmu. Amarya na zaune a wurin kamu an lulluɓe ta, haske kaɗan, ina can nesa ba na son in shiga tsakanin dangi, sai in ɗauka a 1/60 ko 1/80 a 200mm ya fita har zaren leshi. Amma da ƙawaye sun miƙe an fara liƙi, maganar Baba ta dawo: ko dai 1/250 zuwa sama, ko fitilar kyamara. A bidiyo kuwa ba a ma tattaunawa, tunda shota na kan 1/50 in ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, kuma ko numfashinka sai ya nuna. Abu biyu kawai. Makirfon cikin kyamara yana kama 'yar ƙarar nan da Mai Gyara ya ambata, musamman lokacin addu'a da wuri ya yi tsit, don haka a sa na waje. Sannan in kyamara na kan mai ƙafa uku kana juyawa a hankali daga ango zuwa amarya, kashe shi, in ba haka ba da ka tsaya hoton zai ɗan ƙara zamewa shi kaɗai.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta taɓo mai ƙafa uku. Ni abin da na sani a kashe kawai.

Mai Gyara: Ga tsofaffi dole ne, irin 75-300mm na 1995 da 100-400mm na farko na 1998, mai zum ɗin turawa da ja. In ba su ji rawa ba sai su shiga neman ta, su ƙirƙiro wadda babu. Na baya-bayan nan suna gane an kafe su. Duk da haka in za a buɗe shota daƙiƙa ɗaya ko fiye, kamar hoton masallaci da dare, ni kashewa nake cewa a yi. A kan mai ƙafa ɗaya kuwa a bar shi, don har yanzu akwai lilo. Kuma da zoben da ke jikin lens ake ɗaurawa, ba da gindin kyamara ba. Kilo ɗaya da rabi na rataye a bakin kyamara, a hankali bakin yake saki.

Baba Mai Fim: Wani abu kuma da za a ɗora wa IS laifinsa alhali ba shi ba ne. A 200mm da f/2.8, wato ƙofar hasken lens a buɗe duka, daga mita 20, zurfin abin da zai fita tar bai wuce kusan mita 1 ba a kyamara irin ta yaron nan. In doki ya nufo ka, daga hancinsa zuwa fuskar mahayi ya kusa cinye wannan mitar. Fokas ya kama goshin doki, hakimi ya tafi. Ka rufe zuwa f/4 muddin akwai rana, ka sa AI Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau da kansa. Kada ka ji tsoron 1600 ko 3200 in magariba ta gabato. Hoto mai tsaki-tsaki ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya shafe sai dai a goge.

Sai zafin ƙasa. In ka auno abu daga nesa sosai da tsakar rana, iskar da ke tashi daga kwalta tana murɗa hoton. Babu lens ɗin da ke maganin wannan, sai dai ka matsa kusa ko ka jira rana ta yi sanyi.

Sabon Hannu: In na ƙara masa abin ninka tsawo fa? Wani ya ce zai ara mini 2x.

Oga Ƙwallo: Zai hau. Da 2x ka koma 400mm amma f/5.6, ka yi asarar mataki 2 na haske, fokas kuma ya rage kuzari. Da 1.4x 280mm ne a f/4, mataki 1. Ga hawan yamma 1.4x ya fi, in ma ka ajiye duka ba ka yi asara ba, 80D tana da megafiksel 24, akwai wurin yankewa. Abin da ba zan so ba shi ne ka tsaya kana cirewa kana sawa a tsakiyar ƙurar nan. Lens ɗinka zum ɗinsa a ciki yake, ba ya tsawo ba ya gajarta, ƙura ba ta samun hanya sosai. Kada kai ka buɗe mata ƙofa. Sa masa hularsa, ka tafi da batir biyu tunda ka zaɓi ɓangaren su Baba.

Ɗan Damagaram: To masu kyamara marar madubi fa, irin R6, da sensar kanta ke motsi? Su ma Oga zai ce su kashe?

Oga Ƙwallo: In ka ɗora lens mai IS ta adafta, maɓallin jikin lens ɗin shi ke kunna su ya kashe su gaba ɗaya. Kuma e, a 1/2000 ra'ayina bai canza ba.

Baba Mai Fim: To gani ya kori ji. Asabar da yamma akwai masu motsa dawaki a filin folo. Lens ɗaya, kyamara ɗaya, 1/1000. Layi ɗaya a kashe, layi ɗaya a kunne a 2, doki na nufowa gaba da gaba. Hajiya ta buɗe su a kwamfuta ba tare da ta san wanne ne wanne ba, ta ƙirga waɗanda fuskar mahayi ta fita.

Oga Ƙwallo: Na amince, da sharaɗin ni zan riƙe kyamarar.

Baba Mai Fim: A'a. Sabon Hannu ne zai riƙe, kuma sai ya yi awa ɗaya a tsaye da ita tukuna.

Hajiyar Biki: Ina da kamu ranar Asabar. Ku turo mini katin Lahadi da safe, kuma wanda ya faɗi shi zai biya kuɗin Adaidaita.